XIST: Dogon zaren da ke naɗe kuromosom ɗaya a jikin kowace mace

Duk unguwar da ake kiwon kyanwa, ko wadda kyanwoyin ke kiwon kansu a bayan gidaje, ba a rasa mai launi uku: baƙi a nan, ruwan goro a can, ga fari a ciki da ƙafafu. Idan mai karatu ya sake cin karo da irinta, ya ɗan tsaya ya duba. Kusan kullum mace ce. A cikin irin waɗannan kyanwoyi 3,000, da ƙyar ake samun muzuru ɗaya.

Abin da ya yi wa kyanwar nan zane yana nan yana aiki a jikin kowace 'ya mace, daga jaririya har tsohuwa, sai dai ba a ganin sa a fata. Masana na kiran sa XIST. Wani dogon zare ne na sinadarin RNA, kuma ba ya haɗa furotin ko guda, abin da ya sa aka daɗe ana yi wa irinsa kallon shara. Yanzu kuwa sunansa ya shiga cikin amsar wata tambaya da ta daɗe tana ci wa likitoci tuwo a ƙwarya: me ya sa a cikin mutum 5 da garkuwar jikinsu ta juyo tana yaƙar su, 4 mata ne?

Bari mu faro daga tushe. Jikin mutum gini ne na ƙwayoyin halitta sama da tiriliyan 30. A tsakiyar ƙwayar halitta akwai wani ɗan ɗaki da ake kira cibiya, a nan ake ajiye DNA, wato kundin da ke ɗauke da umarnin yadda za a gina jiki a kuma tafiyar da shi. Da haruffa 4 kacal aka rubuta kundin, amma jerinsu ya kai biliyan 3 a kwafin da mutum ya gada daga uwa, da wasu biliyan 3 a wanda ya gada daga uba. An raba shi mujalladi 46, su ne ake kira kuromosom, 23 daga kowane ɓangare.

Kundin ba ya fita daga cibiya. Idan ƙwaya na buƙatar wani abu, sai a kwafi shafin da ya dace a kan RNA, shi kuma ya fita kamar ɗan aike ya kai wa maƙeran ƙwayar, su ƙera furotin. Furotin shi ne ma'aikaci: shi ke ɗaukar iska a cikin jini, shi ke narkar da abinci, shi ne tsoka da gashi. Haka muke koya wa yara a aji, DNA zuwa RNA, RNA zuwa furotin, kuma ba ƙarya ba ne. Amma da aka kammala karanta kundin ɗan Adam a 2003, sai aka tarar umarnin haɗa furotin ba su wuce 20,000 da 'yan kai ba, kuma ko kashi 2 cikin 100 na kundin ba su cika ba. To, sauran fa? Tun a 1972 wani masani ɗan asalin Japan, Susumu Ohno, ya riga ya laƙaba wa galibinsa sunan shara, sunan kuma ya bi shi. Daga baya aka lura cewa ana kwafar wurare da yawa na wannan “sharar” zuwa RNA, RNA ɗin da ba ya zuwa wurin maƙera. Duk wanda tsawonsa ya haura harafi 200 ana saka shi a rukunin dogayen RNA marasa haɗa furotin, kuma an ƙirga sama da 15,000 a jikin mutum. Kaɗan ne daga cikinsu aka tabbatar da aikinsu. XIST ne wanda aka fi sani ciki da bai.

Matsalar da yake magancewa ta lissafi ce. A cikin kuromosom 46 ɗin nan, biyu ne ke bambanta jinsi. Mace tana da X biyu, namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya. Uwa X kaɗai take iya bayarwa, uba ne ke ba da X ko Y, saboda haka magidancin da ke ɗaure wa matarsa fuska don ta jera 'ya'ya mata, ya san daga wajensa abin ya fito. X babba ne, yana ɗauke da umarnin haɗa furotin kimanin 800, da yawansu na ƙwaƙwalwa, tsoka, jini da garkuwar jiki. Y ɗan mitsitsi ne, nasa ba su kai 100 ba. Ke nan da an bar abin haka, ƙwayar mace za ta riƙa haɗa waɗannan furotin ninki biyu na namiji. Wani zai ce ai ƙari alheri ne. A ƙwayar halitta ba haka ba ne. Kamar miyar da mutum biyu suka zuba wa gishiri ne, kowa bai san ɗayan ya zuba ba.

An ɗauki shekaru fiye da 40 kafin a gano yadda jiki ke kauce wa wannan. A 1949 Murray Barr da ɗalibinsa Ewart Bertram, a wata jami'a a Kanada, suna duba ƙwayoyin jijiyar kyanwa da madubin ƙara girma, sai suka ga wani baƙin ɗigo a cibiyar ƙwayoyin mata wanda babu shi a na muzurai. Bayan shekara 10, Ohno ɗin nan dai ya nuna cewa ɗigon kuromosom X ne guda ɗaya da ya dunƙule. Sai a 1961 wata Baturiyar Ingila, Mary Lyon, wadda ke nazarin launin gashin ɓeraye a Harwell, ta haɗa zancen wuri ɗaya. Ta ce tun a kwanakin farko na ciki, kowace ƙwaya ta ɗan tayi mace tana kashe X ɗaya ta bar ɗaya. Wace za ta kashe, na uwa ko na uba? Kamar jefa kwabo ne. Amma da zarar ta zaɓa, duk ƙwayoyin da za su fito daga tsatsonta suna bin wannan zaɓin har ƙarshen rayuwa.

Ka ga sirrin kyanwar ke nan. Umarnin da ke raba gashi baƙi da ruwan goro a kan X yake. Kyanwar da ta gaji baƙi daga ɗaya, ruwan goro daga ɗayan, inda ƙwayoyin fatarta suka kashe X mai baƙi sai ruwan goro ya fito, inda suka kashe ɗayan sai baƙi ya fito. Farin kuwa wani umarni ne daban. Muzuru mai X ɗaya ba shi da abin zaɓa. 'Yan ƙalilan ɗin da ake samu masu launi uku, yawanci an haife su ne da ƙarin X, wato XXY.

Lyon ta faɗi abin da ke faruwa, amma wane ne ke kashe X ɗin? Wannan sai a 1991, lokacin da Carolyn Brown da Huntington Willard na jami'ar Stanford a Amurka suka gano wani umarni mai baƙuwar ɗabi'a. Galibin sauran umarnin da ke kan X da aka kashe sun yi shiru, shi kuwa yana magana, kuma daga X ɗin da aka kashe kaɗai yake maganar, ba daga mai aiki ba. Shekara ɗaya bayan haka aka tabbatar cewa RNA ɗinsa ya kai tsawon harafi 17,000, ba ya haɗa furotin, kuma ba ya fita daga cibiya. Ɗan aike ne da ba ya zuwa ko'ina. A 1996 ɗakin binciken Jeanne Lawrence ya ɗauki hotonsa da wani rini mai haske, aka gan shi ya lulluɓe kuromosom ɗin da ya fito daga gare shi tun daga kai har ƙafa.

Shi kaɗai ba zai iya ba. Aikinsa shi ne ya manne wa kuromosom ɗin, ya zama madogarar da furotin masu yawa za su kama. Wani daga cikinsu mai suna SPEN yana janyo masu goge alamomin da ke cewa “a karanta nan”. Wasu suna zuwa su buga alamar “a rufe”. A ƙarshe a naɗe kuromosom ɗin kamar tabarma, a jingine shi a gefen cibiya. Wannan naɗaɗɗiyar tabarmar ita ce baƙin ɗigon da Barr ya gani. Duk wannan yana kammala ne tun uwar ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Kuma ba abin wasa ba ne: a gwajin da aka yi da ɓeraye a 1997, 'ya'ya matan da suka gaji lalataccen XIST daga uba sun mutu tun a ciki, mazan kuwa aka haife su lafiya lau.

Ma'anar wannan ita ce jikin kowace mace haɗin gambiza ne na ƙwayoyi iri biyu, wasu na aiki da X na mahaifiyarta, wasu da na mahaifinta. Sau da yawa wannan gata ne. Idan X ɗaya yana da tangarɗa, ƙwayoyin da ke aiki da ɗayan sai su rufa asiri. Shi ya sa rashin bambance ja da kore, da cutar da jini ba ya tsayawa idan an ji rauni, suka fi kama maza.

Farkon shaidar wannan a jikin ɗan Adam ta fito ne daga wata larura da mu a Afirka ta Yamma muka fi kowa sanin zafinta, ko da ba mu san sunanta ba. A 1962 wani likitan jini a Amurka, Ernest Beutler, ya nuna cewa matan da suka gaji ƙarancin sinadarin G6PD daga ɓangare ɗaya suna da jajayen ƙwayoyin jini iri biyu a jijiya ɗaya, masu lafiya da masu rauni. G6PD shi ke kare jan jini daga fashewa idan ya haɗu da wasu magunguna da sinadarai, kuma umarninsa a kan X yake. Mutum kimanin miliyan 400 ne ke da ƙarancinsa a duniya, sun fi yawa a ƙasashen zazzaɓin cizon sauro, domin yana ba da 'yar kariya daga zazzaɓin, kamar dai yadda sikila ta yaɗu. A sassa da dama na yankin nan namiji ɗaya cikin 10 yana da shi, wasu wuraren ma ya kusa ɗaya cikin 5.

Namiji lamarinsa a fili yake, ko yana da shi ko ba ya da shi. Mace kuwa ya danganta da yadda kwabon ya faɗi a ɓargonta, inda ake haɗa jini. Wata rabi da rabi ce, wata kuma yawancin ƙwayoyinta sun kashe X mai lafiyar, ta zama kusan daidai da namiji mai larurar. Gwajin gaggawa mai amsar “e” ko “a'a” yakan wanke irin waɗannan matan ya ce lafiyarsu ƙalau, alhali wani kaso na jininsu zai iya fashewa. Wannan ya shafi maganin firimakwin da ake bayarwa don irin zazzaɓin da ke ɓuya a hanta, wanda ake samu a Sudan da Habasha, kuma shi ya sa sabon ɗan'uwansa tafenokwin ba a ba da shi sai an yi gwajin da ke auna adadi, an ga ya kai kashi 70 cikin 100. Ya kuma shafi cikin ɗakunanmu. Ƙwallayen kafur da ake cusawa a akwatin kayan jariri, da lallen da wasu ke shafa wa jinjiri, dukkansu an tabbatar suna iya fasa jinin yaro mai wannan larurar, idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi. Kasancewar jaririya mace ba ya fitar da ita daga wannan haɗarin.

Yanzu mu dawo kan tambayar farko. Garkuwar jiki aikinta ta gane baƙo ta yaƙe shi. Akwai cututtuka fiye da 80 da take rikicewa ta far wa jikin mai ita. A cutar lufus, mata 9 ne ke kamuwa kafin namiji 1. Ta fi kama mace tsakanin shekara 15 zuwa 45, da ciwon gaɓoɓi, zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, zubar gashi, gyambon baki, gajiya marar dalili, ɓarin ciki a jere, wani lokaci har ƙoda ta lalace. Ƙurajen da littattafan likita ke nunawa a kumatu da karan hanci, masu siffar malam-buɗe-littafi, a baƙar fata ba ja suke fitowa ba, duhu suke yi, sai a ɗauka tabon man shafawa ne. A Amurka an ga cutar ta fi yawa ninki 2 zuwa 3 a mata 'yan asalin Afirka, kuma ta fi yi musu tsanani.

An daɗe ana ɗora laifin a kan sinadaran mace irin su istirojin, kuma suna da nasu kason. Amma akwai wata shaida da ba ta shiga wannan bayanin. Mazan da aka haifa da XXY, maza ne a jiki da sinadarai, amma haɗarin lufus a wurinsu ya ninka na sauran maza kusan sau 14, ya zo daidai da na mata. Ke nan yawan X ɗin kansa yana da hannu. Kuma duk ƙwayar da ke da X fiye da ɗaya, tana haɗa XIST.

Hanya ɗaya da aka gano ita ce naɗin tabarmar ba ya cika. Kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na umarnin da ke kan X da aka kashe suna ɗan zillewa su ci gaba da aiki. Cikinsu akwai TLR7, wani mai gadi da ke shinshino RNA na ƙwayoyin cuta ya buga ƙararrawa. A wasu ƙwayoyin garkuwar mace, masu gadin nan biyu ne a bakin aiki maimakon ɗaya. Garkuwar takan fi kaifi, ta kuma fi saurin kuskure.

Hanya ta biyu ita ce ta jawo hankalin duniya a watan Fabrairun 2024, lokacin da mujallar Cell ta buga binciken Diana Dou da Howard Chang na Stanford. Chang likitan fata ne da a lokacin yake ganin masu lufus a asibiti. Tun a 2015 ɗakin bincikensa ya jera furotin kimanin 80 da ke manne wa XIST, sai ya lura da yawansu sanannu ne a wurinsa: su ne waɗanda garkuwar marasa lafiyarsa ke kai wa hari. Tunaninsu shi ne, idan ƙwaya ta mutu ta fashe, wannan curin na RNA da furotin da guntayen DNA yana zubowa waje, garkuwa kuma ta gan shi da kamar ƙwayar cuta. Don su gwada, sai suka saka wa ɓeraye maza XIST da aka gyara yadda zai tara furotin ɗinsa ba tare da ya kashe kuromosom ba, sannan suka yi musu allurar wani sinadari mai tayar da cuta irin lufus. Mazan nan suka kamu da tsananin da ya doshi na mata, fiye da mazan da ba a saka wa ba. Da suka duba jinin marasa lafiya sama da 100, sai suka samu makaman garkuwa da ke kai hari kan furotin da dama na curin XIST.

A nan ya kamata a yi hattara, domin wasu kafafen sun yi kanun labarin kamar an kama ɓarawo da kaya a hannu. A gwajin nan, XIST shi kaɗai bai sa ɓera ko ɗaya ciwo ba, sai da aka haɗa da allurar. Kuma a wani jinsin ɓerayen da dama ba sa saurin kamuwa, ko da an haɗa duka biyun abin bai yi tasiri ba. Ai kowace mace tana da XIST, amma mafi yawan mata ba za su taɓa yin lufus ba. Sai an samu gado, an samu abin da ya tsokano, kamar wata cuta ko zafin rana ko wani magani. A ganina amfanin binciken na kusa ba sabon magani ba ne, sabon gwaji ne, wanda zai iya gano cutar da wuri. Domin abin da ke cinye mata a wurarenmu shi ne jinkiri. Mace za ta shekara ana yi mata maganin zazzaɓin sauro da taifot, a koma a ce sanyi ne, a koma a ce jifa ne, ƙoda kuwa tana ta lalacewa. Alhali akwai gwajin jini da ake kira ANA wanda manyan asibitoci ke yi, kuma ginshiƙin maganin lufus shi ne haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ɗin da kowa ya sani.

Akwai masu ƙoƙarin mayar da XIST kayan aiki. A 2013 Jeanne Lawrence da abokan aikinta a Massachusetts sun ɗauki ƙwayoyin mai larurar Down, wadda ke zuwa idan an haifi yaro da kuromosom na 21 guda uku maimakon biyu, suka dasa XIST a kan na ukun. Ya lulluɓe shi ya rufe masa baki kamar yadda yake yi wa X. A faranti ne a ɗakin gwaji, ba a jikin yaro ba, amma ya nuna cewa zaren bai damu da wane kuromosom aka ɗora shi a kai ba.

Wasu kuma akasin haka suke nema, su kwance naɗin. Cutar Rett tana kama kimanin yarinya 1 cikin 10,000. Yarinya za ta taso lafiya har wata 6 zuwa 18, sai ta fara rasa magana da amfani da hannuwanta. Huda Zoghbi, likita 'yar asalin Labanan, ita da ɗalibanta suka gano a 1999 cewa tangarɗar tana kan wani umarni da ke kan X mai suna MECP2. A kusan rabin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar irin wannan yarinyar, mai tangarɗar ne ke aiki, lafiyayyen kwafin kuwa yana nan kwance a cikin naɗaɗɗiyar tabarmar. An yi nasarar tayar da shi a ƙwayoyin ɓera ta hanyar rage XIST tare da wani magani mai goge alamar rufewa. Abin da ke sa masu wannan aikin taka-tsantsan shi ne wani gwaji na ɗakin binciken Jeannie Lee a Boston, shi ma a 2013. Sun cire XIST daga ƙwayoyin da ke haɗa jini a ɓargon ɓeraye. Mazan ba abin da ya same su. Matan kuwa dukkansu suka kamu da mummunar sankarar jini.